Mudun Mama da Sunan Muhawara

"...lafiya lau, amarya. Ya gwiwa? Ya haƙoran nan guda biyu, suna nan ko ɗaya ya yi ritaya?"

"Suna nan daram, maigida, suna jiran naman da ka yi shekara ashirin da biyu kana cewa za ka kawo. Shigo da kwat ɗinka na aro, kada rana ta ƙone wa mai shi."

Haka suka fara, ranar Asabar wajen ƙarfe biyu, ni kuwa ina zaune a bakin kicin ina tsince tsakuwa daga acca. Mai kwat ɗin ɗana ne, Timothy, yana aji uku a jami'a. Amaryar kuma surukata ce, uwar mijina, wadda ta yi shekara talatin da 'yan kai tana sayar da acca a kasuwar Sabon Tasha kafin gwiwa ta zaunar da ita a gidanmu. Ni Mama nake ce mata. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuma zai fita ba. Amma yaron nan da na goya a bayana, gatsau yake kiran sunan, ita kuwa ta yi ta ƙyalƙyala dariya, wai jika ne, mijinta ne na wasa. Ni in na ce mata ƙafarta ta kumbura, sai an kira taron dangi.

Abin da ya dawo da shi gida a tsakiyar zango shi ne wannan. Yana cikin ƙungiyar muhawara ta makarantarsu, masu yin irin gardamar da jami'o'in duniya ke gasa da ita. Ɗaliban ƙasashen yankinmu za su haɗu a Accra su gwada yin ta da Hausa, kuma sun ce ba za su ci gaba da kiran salon da sunan majalisar Turawan Ingila ba, suna son suna nasu na kansu. Kujera ɗaya ta rage a motar masu tafiya. Malaminsu, Malam Bello, ya ce duk wanda ya turo sunan da ya fi dacewa kafin ƙarfe huɗu na ranar, kujerar tasa ce. Bara an tafi wata gasa an bar Timothy, sati biyu yaron nan bai cinye tuwonsa ba, da idona na gani. To bana ga dama ta zo, saura awa biyu, maimakon ya zauna ya yi tunani sai ya hawo keke ya zo wajen tsohuwar da ko sunan jami'arsa ba ta taɓa faɗa daidai ba.

Ya ja kujera ya zauna gabanta, ya ce, "Suna na zo nema."

"An yi haihuwa ban sani ba? Ina ragon?"

"Rago? Ke da ko kunun tsamiya sai an tace miki sau biyu?"

"Ka kawo shi ka gani. Zan cinye har ƙaho, in bar maka igiyar ka ɗaure wandonka."

"Ba mutum za a raɗa wa ba, Damaris. Muhawara ce."

Kun ji ko? Na rubuta sunan ne kawai, ban furta ba, kada wani ya je ya kai rahoto.

Ya zaro takarda daga aljihu. "Na rubuto guda uku. Ki saurara da kunnen nan naki mai aiki. Na farko: Salon Muhawarar Majalisun Ƙasa da Ƙasa na Haɗaɗɗun Jami'o'in Duniya."

"Ka gama?"

"Na gama."

"Na ɗauka za ka tsaya shan ruwa a tsakiya. Wannan suna ne ko hanyar Kachia? Kafin a gama kiransa 'yan kallo sun je gida sun dawo."

"Na biyu: Gumurzun Zakaru."

"Zakaru? Kai? Kai da kazar Maman Mercy ta kora daga bakin famfo har cikin ɗakina, ka ɓuya bayan zanena kana kiran Yesu?"

"Shekarata huɗu a lokacin!"

"Kazar ma wata huɗu gare ta."

"Na uku: Dandalin Hikima."

"Wannan ai sunan shagon sayar da maganin basir ne. Yaga takardar nan, maigida. Ni zan ba ka suna kyauta. Ku ce Surutun Marasa Aikin Yi."

"Wannan ai an riga an ba zumuntarku ta matan coci ta ranar Talata."

"Zumuntarmu ta aurar da uwarka, mara kunya."

Na ɗago kai na dube ta. Me ya kawo ni cikin zancen? Ba wanda ya kula ni.

Mama ta gyara zama, ta miƙe ƙafar mai ciwo kan buhun gawayi. "Kai, a garinmu ba a raɗa wa abin da ba a gani ba suna. Ko jariri sai an buɗe zane an duba hancin wa ya ɗauko. Nuna mini abin nan naku. Yaya ake yi?"

Timothy ya miƙe ya gyara kwat. "Ƙungiya huɗu ce, kowace mutum biyu. Biyu suna gefen gwamnati, biyu suna gefen adawa."

"Gwamnatin wa?"

"Ta wasa."

"Akwai wata iri ne daban?"

"Ki bari in gama. Ana ba da batu, a ba ku minti sha biyar ku shirya. Kowa ya tashi ya yi magana minti bakwai cif."

"Minti bakwai? Ni gaisuwa kaɗai nake gamawa a minti bakwai."

"Shi ya sa ba a gayyace ki ba. To in wani yana magana kana son ka jefa masa tambaya, ba ka katse shi kamar yadda kike katse Fasto. Tashi za ka yi, ka miƙa hannu ɗaya. Masu bin tsohuwar al'ada ma har ɗaya hannun suke ɗorawa a ka, wai tun zamanin da 'yan majalisar can ke sa hular gashi suna tsoron kada ta faɗi. Kamar haka."

Daidai nan ne na ji ƙaurin miya, na tashi da tiren acca a hannu na leƙa kicin na rage wuta. Ko minti ɗaya ban yi ba. Ina juyowa da tirena a hannu, me zan gani? Ɗana tsaye, hannu a ka, ɗayan hannun a miƙe. Mama kuwa ta kwanta jikin bango, kai ya langaɓe, ido a rufe, baki a buɗe, sarƙar zumuntarta ta wuya ta karkace.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da hannu a ka yake nufi. Ba a ɗora shi don ado. Na saki tire, na ƙwalla ihu, "Wayyo Yesu! Mama! Jama'a ku zo, Mama ta tafi!" Acca mudu biyu, wadda na yi awa guda ina tsincewa, ta watse a tsakar gida. Kajin maƙwabta kamar an buga musu waya.

Sai gawa ta buɗe ido ɗaya.

"Wa ya tafi? Ina nan. Na ga mijina ya ɗora hannu a ka ne, na ce kada ya yi asarar kukan, bari in taimake shi da gawa."

Timothy ya durƙushe yana dariya har da hawaye. "Kash! Na ɗauka da gaske ne, har na fara tunanin wanda zan ba gadonki na ƙarfe."

"Gadon nan a kansa aka haifi ubanka, kuma a kansa zan ga jikokinka. Ka je ka nemi tabarma."

Ni dai ban yi dariya ba, har yau kuma ban ga abin dariya ba. Ba ni da ikon yi wa Mama faɗa, don haka na juye duka a kan ɗana.

"Sauke hannun nan daga kanka kafin in sauke maka shi! Abin da ake koya muku ke nan a jami'a, ku tsaya gaban manya kuna kiran mutuwa? Dubi agogo. Uku da kwata! In aka sake barin ka a baya, kada ka zo mini nan kana tura tuwo gefe kana cewa ba ka jin yunwa. Na gaya maka."

Timothy ya dubi wayarsa, ya dubi takardarsa da sunaye uku da aka riga aka yi wa jana'iza, dariyar ta bar fuskarsa. Mama ta kalle shi ta gefen ido. Ta san maganar tuwon nan, ita ce ma bara take ɓoye masa soyayyar gyaɗa a ƙarƙashin filo.

Ta ce, "Zauna, mijin banza. Akwai abin da ban gane ba. Ka ce biyu suna gefe ɗaya. To in gefenku ya ci, ku huɗun kun ci ke nan?"

"A'a. Alƙali yana jera ƙungiyoyin ne, ta ɗaya har ta huɗu. Waɗanda ke gefenmu ma abokan hamayya ne."

"To sai ka zage su mana."

"Ba a yarda ba. In ka ƙaryata na gefenka, kai ma ka faɗi. Dole ka goyi bayan abin da suka ce, amma ka kawo wani sabon abu da ya fi nasu."

"Gefen kuma kai ke zaɓa?"

"Ƙuri'a ake yi. Yau ka kare abu, gobe a ce ka rushe shi."

Mama ta tafa hannu ta kama haɓa. "Shi ke nan? Wannan ne abin da ake sa kwat a hau mota har Accra a yi? Maigida, an cuce ku. Wannan ai kasuwa ce. Na yi shekara talatin ina yin sa ba kwat."

"Ke? Ke da muhawararki ɗaya ce, a ƙara miki sukari."

"Rufe baki ka ji karatu. A layinmu rumfa huɗu ce ke kallon juna. Wannan gefe ni da Mary, 'yar Filato, muna sayar da acca. Wancan gefe Lizzy da wata doguwa, Allah ya ji ƙanta, suna sayar da shinkafa. Mace za ta shigo layin da jakarta, ba ta yanke abin da za ta dafa ba. To aikin farko, ni da Mary mu raba ta da shinkafa. Mary ta ce, Madam, acca ba ta nauyi a ciki. Lizzy ta ɗago daga can ta ce, Madam, yara ba sa ƙoshi da abincin tsuntsu. Ka ga an fara."

"Ina ji."

"To ni ba zan ce accar Mary ba ta da kyau ba. In na faɗi haka, matar za ta ce ashe acca ma akwai marar kyau, ta tsallaka wajen shinkafa, ni da Mary mu tashi a tutar babu. Sai in ce, gaskiya Mary ta faɗa, Madam, ba ta nauyi. Amma ni tawa an wanke an shanya, ko tsakuwa ɗaya babu, kina zuwa gida sai tukunya."

Na dubi accar da kaji ke ci, wadda daga wajen mutumin da ke kawo wa Mama kaya tun da can aka sayo ta, na dubi tulin tsakuwar da na tara a murfin kwano. Ban ce komai ba. Suruka ce.

Timothy kuwa ya daina murmushi, ya matso da kujera. "Ki goyi bayanta, ki kuma wuce ta. To ƙuri'ar fa?"

"Damina ta yi nisa acca ta yanke, me zan yi, in zauna in ci rumfa? Shinkafa nake sarowa. Matar nan dai da na ce wa shinkafa na sa kasala, ita zan kalla ido cikin ido in ce, Madam, gidan da ba shinkafa ranar Lahadi ai ba gida ba ne."

"Ba ki jin kunya?"

"Kai kana ji in ƙuri'a ta juya ka?"

"Minti bakwai ɗin fa?"

"Mudu. Kowa da mudu iri ɗaya yake awo. Ba wadda za ta zo da roba ta ce nata ya fi."

"Ban da naki, da aka ce an buga gindinsa ya shige ciki."

"Wa ya faɗa? Kawo shi nan! Muduna har daga Kakuri ake zuwa aro don a gwada na wasu."

"A gwada a ga yadda ba a so mudu ya zama."

"Za ka ga mudu. Rubuta sunan, lokaci na tafiya. Tunda a wajena kuka sato abin, ku ce Salon Damaris."

Nan fa na miƙe tsaye. "Mama, ki yi haƙuri, wannan kam a'a."

Ta juyo da fuskar marar laifi. "Me ya faru, 'yata?"

"In ya ci, a coci za a tambaye ni. A famfo za a tambaye ni. Maman Timothy, me ɗanki ya raɗa wa abin? In ce me? In tsaya ina nuni da baki kamar kurma?"

Timothy ya faɗi daga kan kujera. Mama ta riƙe ciki, haƙoran nan biyu suna rawa. "Shi ya sa nake so! Shekara ashirin da biyar ina jiran in ji yadda sunana zai zauna a bakinki."

"Ba za ki ji ba, Mama."

"Ko sau ɗaya? A hankali, ba wanda zai sani?"

"Uku da minti arba'in," na ce, na nuna agogon bango.

"To, to. Kada ta fashe. Maigida, bar sunana, ya fi ƙarfin 'yan makaranta. Abin da na gaya maka shi za ka rubuta. Rumfa Huɗu."

Timothy ya maimaita a hankali. "Rumfa Huɗu."

"Gajere ne, ko Bature mai mura zai iya faɗa. Kuma ba na ƙasar kowa ba ne. Akwai garin da ba kasuwa? Ka je Accra ɗin ka tambayi kowace mace mai rumfa, za ta gaya maka yadda ake yi da maƙwabciya."

"Malam Bello ya ce a haɗa da dalili cikin layi biyar."

"Ka rubuta Mary, ka rubuta Lizzy, ka rubuta mai jaka a tsakiya ita ce alƙali. Doguwar ka bar ta ta huta, ba ta taɓa cin ko ciniki ɗaya a hannuna ba."

Ya duƙufa kan waya yana rubutawa. Mama tana ta yi masa gyara, wai kada ya manta ba a zagin kayan na gefenka, wai ya sa cewa ita ce ta fi Mary. Ni ina tsaye da tsintsiya ina korar kaji ina kallon agogo. Huɗu saura minti shida ya ce, "Ya tafi."

Washegari Lahadi, mun dawo daga coci ko ɗankwali ban cire ba, wayarsa ta yi ƙara. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya yi tsalle har kansa ya taɓa igiyar shanya.

"An ɗauka! Malam ya ce cikin sunaye goma sha tara, shi kaɗai ne ya bayyana wasan ba tare da an yi bayani ba. Shi makarantarmu za ta kai Accra. Kujerar tawa ce!"

Na juya na shiga kicin, don hayaƙi ya shiga mini ido. Ba a kunna wuta ba tukuna, amma hayaƙi ne.

Daga can na ji Mama tana cewa, "Kujerar wa? An ce wanda ya kawo suna. Wa ya kawo suna? 'Yata, fito mini da leshina mai ruwan goro, Accra za ni."

"Da wane fasfo? Mai hoto yana ganin ki zai ce kyamararsa ba ta ɗaukar kayan tarihi."

"Ka ce musu matarka ce. Ba a raba mata da miji a bakin iyaka."

"Zan ce ban san ki ba. Zan ce a mota na tsince ki."

"In na tashi magana a can, minti bakwai ɗinku sai ya koma kwana bakwai."

"Shi ya sa za ki zauna. Kuma kwana biyu ake yi a hanya, ba buhun gawayin da za ki miƙe ƙafa."

Ta shafa gwiwar. "Kwana biyu?"

"Biyu cur."

"To na bar maka. Ba don ka fi ni baki ba, don gwiwa ce ta yi adawa." Ta kwashe da dariya. "Shiga ƙarƙashin gadon nan da kake haɗama, akwai ƙullin atamfa, ɗauko."

Ya fito da shi, ta kwance da kanta. Tsohon mudunta ne, ya yi baƙi ya yi santsi saboda shekaru, wanda ko ni ba ta taɓa bari na auna gari da shi ba. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo. Ka sa a jakarka. In ka tashi magana ka cika musu shi fal, ka ƙara gyara a kai. Hannunka kuma ka bar shi a ƙasa, kada ka kashe wata tsohuwar a ƙasar mutane."

Ya karɓa, ya buɗe baki kamar zai ce wani abin kirki. Sai ya kifa mudun ya duba gindinsa, ya sa babban yatsa a wani lotso.

"Damaris! Ashe gaskiya ne!"

"Faɗuwa ya yi."

"Ya faɗi ya lotsa ta ciki, daidai tsakiya, zagaye kamar kan taɓarya?"

"Maigida," ta ce, tana share hawayen dariya da bakin zane, "ni da kai gefe ɗaya muke. Ba a zagin kayan na gefenka."

Ranar ya cinye tuwo malmala uku. Accata mudu biyu kuwa, har yau cikinsu ba wanda ya ce mini sannu.